Farfelar Jirgin Terhide

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Terhide ya zo gareji yau da hantsi, takalminsa duk laka. Mun fi shekara ashirin da sanin juna, tun ina gyara masa injin niƙa, kafin ya koma sana'ar fito, yana ƙetarar da mutane a kogin Binuwai, can gaba da Doma. Ya ce ya gaji da ƙananan injinan fetur ɗin nan da ake ratayawa a bayan kwalekwale. Ya sa an ƙera masa babban jirgin katako, ya sayo injin dizil na jirgin ruwa daga kudu, na hannu, mai silinda huɗu da akwatin giyarsa. Yana so in je in ɗora masa, in kuma zaɓa masa farfela.

Na ce masa ni makanikin tifa ne da janareto, ruwan da na sani bai wuce na lagireto ba. Ya yi dariya ya ce, "Oga Wakili, inji inji ne. Ni kunne naka nake so."

Haka kowa yake cewa. Duk Lafia an san ni da wannan: in ɗora bakin sukudireba a jikin inji, in kara mariƙin a kunne, in faɗa maka nozil ɗin da ya toshe tun ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba. Na amsa masa kafin in yi tunani. Daɗin yabo ne ya ja ni, ba wani abu ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Matata Zuwairatu ta ce sau uku ta kira ni daga madafa, wai kunnen uwar shegu nake yi mata tunda na fara tsufa. Na bar ta a haka, ya fi sauƙi.

A nan kaɗai zan rubuta. Kunnena na hagu ya mutu tun bara. Na dama yana nan, amma akwai wani gyare a ciki da ba ya yin shiru. Shekara talatin da shida a tsakanin janareto, me nake tsammani? A masallaci na koma zama kusa da lasifika, mutane na ganin ƙaruwar imani ce. Idan maganar ta fita, wa zai kawo injinsa wurin makanikin da ba ya ji? Tsoro nake ji, gaskiya.

Asabar, 13 ga Yuli

Hanyar bayan Doma ta ci mini ƙugu. Mun iso tungarsu Terhide bayan azahar. Ban taɓa tsayawa kusa da Binuwai haka ba, ɗaya gaɓar da ƙyar ake hango ta.

Injin yana da kyau, wanda ya yi amfani da shi bai wulaƙanta shi ba. Na goge ɗan farantin da ke jikinsa: juyi dubu biyu da ɗari biyu a minti ɗaya idan an buɗe masa wuta duka. Akwatin giyar kuma inji ya juya sau uku, farfela ta juya sau ɗaya. Gaba da baya kawai gare shi. Aikin da zai ci lokaci shi ne daidaita injin da sandar farfela, don idan suka karkace ko da kaurin takarda ne jirgi zai yi ta karkarwa.

Matarsa Seember ta yi mana sakwara. Ita ce ke zama a bayan jirgi kusa da inji tana kwalfe ruwa, tun aurensu. Ba ta da yawan magana.

Talata, 16 ga Yuli

An gama zaman inji. Saura farfela.

Guda biyu mai sayarwa ya haɗo masa, duk na tagulla, kowace ganye uku, faɗinsu kusan ɗaya. Bambancin a murɗin ganyen yake. Ɗaya ganyenta ya murɗe sosai, juyi ɗaya za ta cafki ruwa mai yawa. Ɗayar ganyenta a ɗan kwance, kaɗan-kaɗan take ɗiba. Na jera su a kan yashi na daɗe ina kallo, maza sun kewaye ni suna jiran hukunci kamar a kotu.

Na zaɓi mai murɗin. Inji mai ƙarfi haka, a ba shi abin wasa? Kuma Terhide yana so ya riga kowa isa kasuwar ƙetare. Da na faɗa, sai kowa ya hau gyaɗa kai, har da waɗanda ba su san gaban inji da bayansa ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Gwaji. Mu uku ne a ciki, ni da Terhide da Seember, ba kaya. Jirgi ya tsaga ruwa, mutanen gaɓa suna ta tafi da ihu. Terhide ya buɗe totur har ƙarshe, ya juyo ya dube ni. Na san abin da yake jira. Na ɗora sukudireba, na kara a kunnen dama.

Me na ji? Rugugi a ƙashin muƙamuƙi, da gyarena. Ko injin ya kai ƙarshen juyinsa, ko bai kai ba, wallahi ban sani ba. Da can ko daga bakin titi zan faɗa. Na ɗago kai, na ga idanu a gaɓa, na ɗaga babban yatsa.

Seember ta matso ta ce wani abu, sai da na sa ta maimaita, na fake da ƙarar inji. Ta ce, "Oga, bai kai ƙarshen murya nasa ba. Kamar akwai abu ya riƙe shi a wuya." Terhide ya daka mata tsawa, wai ita ta fi Oga Wakili ji ne? Na yi dariya na ce injin ya daɗe a ajiye, zai saki jiki. Ta koma kan kwalfarta.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na dawo gida da busasshen kifi cikin kwali. Zuwairatu ta ce na yi baƙi.

Lahadi, 4 ga Agusta

Terhide ya bugo waya. Idan ya yi lodin doya ya fuskanci ruwa, baƙin hayaƙi yake fita har fasinja suna tari. Na ce man da suke saya a jarka ne, ana gauraya shi da kananzir. Ya canza filta, ya nemi mai mai kyau. Ya yi godiya sosai.

Zai iya yiwuwa man ne.

Laraba, 21 ga Agusta

Ya sake kira, yanzu zafi injin ke yi. Na ce ya wanke rariyar da ke tace ruwan sanyaya inji, damina ce, ciyawa da yawa a kogi. Ruwan sama tun asuba, ba wanda ya kawo aiki.

Talata, 10 ga Satumba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya ranar kasuwar ƙetare. Mutum talatin da huɗu a jirgin Terhide, sabuwar doya, babura biyu. Kogi ya cika ya batse. A tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, injin ya yi zafi har robar ruwa ta fashe, tururi ya tashi, ya mutu. Filafili biyu kawai gare su. Ruwa ya yi ta tafiya da su, mata na kururuwa, wasu na kiran Yesu wasu na salati, har Allah ya sa suka maƙale a cikin wasu bishiyoyi da ruwa ya shanye, can ƙasa da nisa. Wurin sauke mutane wata tsohuwa ta zame ta faɗa ruwa, Seember ce ta cafko zanenta.

Ba wanda ya mutu. Terhide ya maimaita mini haka sau uku a waya, kamar ni yake lallashi.

Na kasa cin tuwo. Na ce wa Zuwairatu cikina ne.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na je. Na canza robar, na canza gaskit ɗin kan inji da ya ƙone. Wannan hannu ke yi, ba kunne ba.

Da la'asar masu jirage suka zauna a ƙarƙashin mangwaro. Shugabansu Aondofa, dattijo ne mai farin gemu, ba ya ɗaga murya, dole na matsa kusa da shi kamar mai girmamawa. Ya ce Terhide kwaɗayi ya sa shi ya yi lodin da ya wuce ƙima, ya kusa kashe mutane. Terhide ya rantse ruwa bai taɓa jan layin da aka shafa a jikin jirgi ba. Sai Aondofa ya juyo gare ni. "Oga, kai ka haɗa wannan inji. Akwai matsala a aiki naka?"

Na ce, "Na gwada shi, lafiya lau yake."

Haka na ce. A gaban kowa.

Suka ce to shi ke nan, tunda Oga Wakili ya faɗa, laifin lodi ne. An dakatar da Terhide daga fito na mako biyu, ranar da za su sake zama za a yanke ko a karɓe layinsa na fito gaba ɗaya a ba wani. Mutumin da ya sayar da gonarsa ya yi jirgin nan. Ya sunkuyar da kai. Seember tana tsaye can gefe da tulu a kai, ta dube ni. Ban daɗe ina kallon wajen ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Ina zaune a bakin gareji wata tifa ta zo hawan nan na gabanmu, cike da yashi. Direban ya ƙi sauka daga giya lamba biyar. Motar na ta nishi, baƙin hayaƙi ya rufe titi, tana tafiya kamar za ta tsaya. Ban san lokacin da na miƙe na kwatsa masa ihu ba: "Kai, sauko da giya mana, za ka kashe ta!"

Sai na tsaya a wurin da hannu a sama kamar wawa.

Jirgi ba shi da giyar da za a sauko. Farfelar ita ce giyarsa, guda ɗaya tak, da ita zai tashi, da ita zai yi lodi, da ita zai hau ruwa. Ni kuma na sa masa lamba biyar na ce ya hau dutse da doya. Kuma na gwada shi ba kaya, cikin Yuli, kafin kogi ya cika. Wane makaniki ne ke gwada tifa fanko ya ce ta ci jarrabawa? Ni da nake zagin wasu a kan haka.

Baƙin hayaƙi. Zafi. Duk ya faɗa mini a waya. Da janareto ne aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa, da tun a kalmar farko na gane. Ban so in gane ba ne, don in na gane sai an koma ranar gwaji.

Talata, 17 ga Satumba

Na je shagon Ikrama mai gyaran janareto a hanyar Shabu, wanda na sha yi wa dariya saboda komai sai ya auna da na'ura. Na ari abin ƙirga juyin inji. Ɗan abu ne kamar tocila: ka manna farar takarda mai ƙyalli a jikin filawul, wato faifan ƙarfen da inji ke juyawa, ka haska mata jan haske, lamba ta fito. Ya ce, "Baba, kai da kanka?" Na ce wani kwastoma ne mai gardama yake so ya gani da idonsa.

Ƙarya ta fara yi mini sauƙi a baki, abin bai yi mini daɗi ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Aondofa ya yarda a fita da jirgin tunda ba fasinja. Na sa aka cika buhuna da yashi aka jera har ruwa ya zo daf da jan layin, daidai lodin ranar kasuwa. Muka fuskanci ruwa, Terhide ya buɗe totur duka.

Dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in. Na sake haskawa. Haka dai. Inji mai dubu biyu da ɗari biyu. Wata biyu ke nan yana fama a shaƙe, hayaƙi baƙi ƙirin, murfinsa ba ya taɓuwa. Ban san yadda ya kai Satumba ba ma.

Muka koma gaɓa, aka sauke buhunan baya don gindin jirgi ya ɗago, na shiga ruwa har ƙirji na kwance farfelar. Ɗayar tana ɗakin Seember, ta kife ta a kan randa. Na ɗaura ta, aka mayar da yashi, muka sake fita.

Kafin in haska, na ce wa Seember, "Maman yara, me kika ji?" Ta ɗan karkata kai ta ce, "Yanzu ya buɗe wuya." Na duba: dubu biyu da ɗari da saba'in. Hayaƙin ya koma fari-fari, da ƙyar ake ganinsa. Muka yi minti arba'in muna hawan ruwa, zafi bai motsa daga inda ya kamata ba. Abin mamaki, da kaya jirgin ya fi gudu da wannan ƙaramar cafkar, don injin ya samu ya kai inda ƙarfinsa yake.

Terhide ya yi ta murna, ya ce, "Oga, sai mu ce mai sayarwa ne ya cuce mu, ya ba mu farfela na wani jirgi." Yana nema mini mafita ne, bai ma san daga me ba. Amma da muka sauka Aondofa ya ce shi bai ga abin da ya canza ba. Oga ya saurari ta farkon da kunnensa a gaban jama'a ya ce ta yi, ya sake faɗa a zama. In an canza yanzu, dabara ce ta a ƙara lodi.

Maganata ce ta ɗaure shi. Ba lambar da za ta kwance.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na yi ta juya abin. Zan iya cewa kuskuren zaɓi na yi, in tsaya a nan. Sai su ce to da ka kara ƙarfe a kunne fa, me ka ji? Seember ta ji, kai ba ka ji ba?

Bayan la'asar Zuwairatu na tsince shinkafa a tsakar gida, na zauna na faɗa mata komai, tun daga kunnen. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, ai tun bara na sani. Kai kana ganin haka kawai na mayar da kujerata ta damanka?" Ta ce ta yi shiru ne tana jira in faɗa da bakina. Sannan ta ajiye faifan ta ce, "Amma na mutanen cikin jirgin nan ban sani ba. Wannan kam ba naka ba ne kai kaɗai da za ka ɓoye."

Na ji haushinta na ɗan lokaci. Ba ta faɗi ƙarya ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

An zauna. Mutane sun fi na wancan karon, har da waɗanda ke cikin jirgin ranar. Kafin Aondofa ya fara na nemi izini na miƙe.

Na ce lodin Terhide daidai yake. Na ce farfelar da na zaɓa ta fi ƙarfin injin, na yi musu bayanin giya, direbobin cikinsu suka gane nan take. Sannan na ce ranar gwaji ban ji komai ba. Kunnena ɗaya ya mutu, ɗayan saura kaɗan, na ɗaga yatsa ne don kunya. Na ce matar nan ta faɗa mini gaskiya tun a ranar, na mayar da ita wasa.

Wurin ya yi tsit, ko kuma ni ne ban ji ba. Aondofa ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ka san haka, ka bari mutane namu suka hau?" Na ce e. Ɗan tsohuwar da ta faɗa ruwa ya taso yana magana da yaren Tibi, yana nuna ni da yatsa, aka riƙe shi. Ban nemi a fassara mini ba.

An mayar wa Terhide layinsa. An kuma ce daga yau duk jirgin da aka sa wa sabon inji, da buhunan yashi za a gwada shi, a kan hawan ruwa.

Terhide bai raka ni mota ba. Shekara ashirin, ko yaushe sai ya raka ni. Na hango shi a bakin jirgi ya juya baya yana naɗe igiya. Abin ya yi mini ciwo.

Laraba, 2 ga Oktoba

Labari ya riga ni isowa Lafia, direbobin Doma ba sa riƙe magana. Mai gidan burodin da nake duba wa janareto shekara tara ya kai wa Ikrama aikinsa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Wani mai injin niƙa daga Obi ya kawo aiki, da alama bai ji labari ba. Ya tayar da injin ya ce, "Baba, saurara ka ji abin da yake yi." Na ce masa ni ba na ji sosai, shi ya faɗa mini me yake ji, kuma yaushe, da kaya ko ba kaya. Ya dube ni kamar zai ɗauke injinsa. Sai ya fara kwatantawa da baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har muka yi dariya. Bawul ne. Ya ɗauke ni awa biyu, abin da da minti goma ne. Ba laifi.

Ban mutu ba dai.

Da yamma waya ta yi ƙara, Zuwairatu ce ta miƙo mini. Terhide. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce sawu huɗu ya yi ranar kasuwa, ba hayaƙi, ba zafi, man ma ya ragu. Ya ce akwai wani a tungar gaba da ya sayo inji, yana neman wanda zai haɗa masa, shi ya ce masa ya san wani tsoho mai taurin kai a Lafia, amma sai dai a tafi da Seember.

Duk maganar nan da ƙarfi yake yin ta, kalma ɗaya-ɗaya, har maƙwabta na iya ji. Ban ce ya rage murya ba. Na ji duka.